Zamfara: Yadda zaɓen fid da gwani ya rinjayi zaɓen gwamna

A ranar 24 ga watan Mayun 2019, kwanaki biyar kacal kafin a rantsar da sababbin gwamnoni a Nijeriya, kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin da ya raba jam'iyyar APC da dukkan kujerun da ta lashe a jihar Zamfara, tun daga ta gwamna har zuwa na 'yan majalisar dokokin jiha.

Kotun ba ta ce an tafka maguɗi a rumfunan zaɓe ba, kuma ba ta ce an yi aringizon ƙuri'u ba. Abin da ta ce shi ne jam'iyyar ba ta gudanar da halattaccen zaɓen fid da gwani ba, saboda haka a idon doka ba ta da 'yan takara, kuma duk ƙuri'un da aka kaɗa musu sun tafi a banza.

A sakamakon haka, Alhaji Mukhtar Shehu Idris na APC, wanda hukumar zaɓe ta INEC ta ce ya samu ƙuri'u 534,541, ya koma gida, yayin da aka rantsar da Alhaji Bello Muhammad Matawalle na PDP, mai ƙuri'u 189,452, a matsayin gwamna ranar 29 ga watan na Mayu.

Wannan lamari ya fito da wani abu fili wanda 'yan siyasa suka daɗe da sani, amma talakawa masu jefa ƙuri'a ba su cika ba shi muhimmanci ba: a jihohi da dama na Nijeriya, ana gama zaɓen gwamna ne tun watanni kafin ranar zaɓe, a lokacin da jam'iyya mai ƙarfi ta tsayar da ɗan takararta. Idan aka ɓata wannan mataki, to, duk abin da aka gina a kansa yana iya rushewa.

Jihar da ba ta saba canja hannu ba

Domin fahimtar girman abin da APC ta yi asara, wajibi ne a waiwayi tarihin siyasar jihar.

An ƙirƙiro Zamfara ne daga tsohuwar jihar Sakkwato a shekarar 1996, zamanin mulkin Janar Sani Abacha. Da aka koma mulkin farar hula a 1999, Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura ya lashe kujerar gwamna a ƙarƙashin jam'iyyar APP, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama ANPP. Shi ne ya soma ƙaddamar da shari'ar Musulunci a cikin gwamnonin arewa, abin da ya ba shi farin jini matuƙa a tsakanin jama'ar jihar, ya kuma kafa tushen rukunin siyasar da ya riƙe Zamfara har tsawon shekaru 20.

A 2007 mataimakinsa Alhaji Mahmud Aliyu Shinkafi ya gaje shi a ƙarƙashin ANPP. Da ya sauya sheƙa zuwa PDP mai mulkin ƙasa a wancan lokaci, sai tsoffin abokan tafiyarsa suka tsayar da Alhaji Abdul'aziz Yari, wanda ya kayar da shi a 2011. Bayan da ANPP ta narke cikin haɗakar da ta haifi APC a 2013, Yari ya sake lashe zaɓe a 2015, ya kuma zama shugaban ƙungiyar gwamnonin Nijeriya.

Ke nan daga 1999 zuwa 2019, PDP ba ta taɓa cin zaɓen gwamna a akwati ba a Zamfara, ko da a shekarun da take riƙe da fadar shugaban ƙasa. Ga kuma farin jinin Shugaba Muhammadu Buhari a yankin arewa maso yamma, wanda ya sa tutar APC ta zama tamkar takardar shiga gidan gwamnati.

A irin wannan yanayi, duk mai sha'awar mulkin jihar ya san cewa gwagwarmayar gaskiya tana cikin gida ne. Wanda ya samu tikitin APC ya kusa zama gwamna, wanda ya rasa kuma sai ya jira shekaru huɗu ko takwas. Wannan ne ya sa rikicin 2018 ya yi zafin da babu wanda ya yarda ya ja da baya.

Yadda rikicin ya samo asali

A 2018 Gwamna Yari yana dab da kammala wa'adinsa na biyu, kuma tsarin mulki bai ba shi damar neman na uku ba. Kamar yadda gwamnoni masu barin gado suka saba, ya nemi kujerar majalisar dattawa ta Zamfara ta yamma, sa'annan ya nuna kwamishinansa na kuɗi, Mukhtar Shehu Idris, a matsayin wanda yake so ya gaje shi.

Wannan zaɓi bai yi wa wasu jiga-jigan jam'iyyar daɗi ba. Mutane takwas masu neman takarar suka haɗa kai a ƙarƙashin wani rukuni da aka riƙa kira G8. Daga cikinsu akwai Sanata Kabiru Garba Marafa mai wakiltar Zamfara ta tsakiya, da mataimakin gwamnan kansa, Malam Ibrahim Wakkala, da tsohon gwamna Mahmud Shinkafi, da ministan tsaro na lokacin Mansur Dan Ali, da ɗan majalisar wakilai Aminu Sani Jaji, da kuma tsohon babban jami'in banki Dauda Lawal.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana son kujerar ne don kansa. Abin da ya haɗa su shi ne ƙin amincewa da gwamna ya ɗora magajinsa shi kaɗai.

Tun ma kafin wannan lokaci baraka ta riga ta bayyana. A tarukan zaɓen shugabannin jam'iyya da aka yi a watan Mayun 2018, ɓangaren gwamna da na Sanata Marafa kowanne ya fitar da nasa shugabannin, ta yadda jam'iyya ɗaya ta wayi gari da kawuna biyu a jiha ɗaya.

Dokar zaɓe ta 2010, wadda ake aiki da ita a lokacin, ta ba jam'iyyu zaɓi tsakanin hanyoyi biyu. Akwai zaɓe ta hanyar wakilai, inda wasu 'yan ɗaruruwa ko dubbai kan taru a wuri ɗaya su zaɓi ɗan takara. Akwai kuma 'yar tinƙe, inda duk ɗan jam'iyya mai rajista kan fita ya zaɓa a mazaɓarsa.

Gwamnoni sun fi son hanyar wakilai, domin akasarin wakilan shugabannin jam'iyya ne na mazaɓu da ƙananan hukumomi, waɗanda gwamna ne ya ɗora su, kuma shi ne ke ɗaukar ɗawainiyarsu. Masu adawa da gwamna kuwa kan nemi 'yar tinƙe, da fatan cewa yawan jama'a zai fi ƙarfin aljihun gwamnati.

Uwar jam'iyyar APC, a ƙarƙashin shugabancin Adams Oshiomhole, ta amince da 'yar tinƙe a Zamfara. To amma ita ma wannan hanya tana da nata tarnaƙi, domin kuwa sai an san su wane ne 'yan jam'iyya kafin a ce su zaɓa. Wanda ke riƙe da littafin rajista, da wanda ya naɗa jami'an da za su ƙidaya mutane a kan layi, shi ne ke riƙe da sakamako. A kan waɗannan batutuwa ne aka yi ta kai ruwa rana a Gusau.

Hukumar INEC ta ware daga 18 ga watan Agusta zuwa 7 ga watan Oktoban 2018 domin jam'iyyu su kammala fid da 'yan takara. Kwamitin farko da uwar jam'iyya ta tura Zamfara a farkon watan Oktoba ya soke zaɓen da aka fara, bisa dalilin tashe-tashen hankula. Aka tura kwamiti na biyu, shi ma wa'adi ya cika bai iya haɗa kan ɓangarorin ba.

Bayanai uku, kotuna masu karo da juna

Da wa'adin ya wuce, sai aka samu bayanai uku daga jam'iyya ɗaya. Ɓangaren Gwamna Yari ya ce an yi zaɓe a ƙarƙashin kulawar shugabannin jam'iyya na jiha, kuma mutanensa ne suka lashe. Shugaban jam'iyya na ƙasa ya ce an fitar da 'yan takara ta hanyar maslaha. Ɓangaren Sanata Marafa kuma ya ce ba a yi zaɓe ba, ba a kuma yi wata maslaha ba.

Hukumar INEC, wadda doka ta ɗora wa alhakin sa ido a kan irin waɗannan zaɓuɓɓuka, ta rubuta wa APC cewa rahotannin jami'anta sun nuna ba a yi zaɓen ba, don haka ba ta sa ran karɓar sunan kowa daga Zamfara.

Abin lura a nan shi ne, tun a watan Oktoban 2018 aka yi wa jam'iyyar wannan gargaɗi, wato watanni bakwai kafin hukuncin kotun ƙoli. Ba abu ne da ya faɗo mata bagatatan ba.

Daga nan batun ya koma hannun alƙalai. A ranar 25 ga watan Janairun 2019, kotuna biyu suka yanke hukunci a rana ɗaya. Babbar kotun jiha da ke Gusau ta ce an yi zaɓen fid da gwani, ta umarci INEC ta karɓi sunayen. Babbar kotun tarayya da ke Abuja kuma ta ce INEC tana kan daidai da ta ƙi karɓa.

Hukumar ta zaɓi ta tsaya a kan bakanta. Amma ana saura kwanaki ƙalilan a yi zaɓen shugaban ƙasa da na majalisun tarayya na ranar 23 ga watan Fabrairu, kotun ɗaukaka ƙara a Abuja ta jingine hukuncin babbar kotun tarayyar. Da yake hukuncin Gusau ne kaɗai ya rage a tsaye, INEC ta mayar da APC kan takardun ƙuri'a.

Haka jama'ar Zamfara suka fita zaɓen gwamna ranar 9 ga watan Maris, suka ga alamar tsintsiya a kan takarda, suka dangwala mata. Tazarar da ke tsakanin Mukhtar Idris da Matawalle ta kai ƙuri'u 345,089.

Sai dai murnar ba ta yi nisa ba. A ranar 25 ga watan na Maris, kotun ɗaukaka ƙara da ke Sakkwato ta amince da ƙarar da Sanata Marafa da magoya bayansa suka ɗaukaka, ta rushe hukuncin Gusau. Hukumar INEC ta dakatar da bai wa zaɓaɓɓen gwamnan takardar shaidar cin zaɓe, aka zuba ido ga kotun ƙoli.

Ƙuri'un da suka tafi a banza

Alƙalai biyar ne suka saurari shari'ar a ƙarƙashin muƙaddashin alƙalin alƙalai na lokacin, Mai shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Mai shari'a Paul Galinje ne ya karanta hukuncin. Baya ga soke nasarar APC, kotun ta ce waɗanda suka zo na biyu su karɓi kujerun matuƙar sun cika sharuɗɗan tsarin mulki, ta kuma ci jam'iyyar tarar naira miliyan 10.

Washegari INEC ta bayyana sababbin waɗanda suka yi nasara. PDP ta samu gwamna da mataimakinsa, da kujeru uku na majalisar dattawa, da bakwai na majalisar wakilai, da 23 daga cikin 24 na majalisar jiha. Ɗayar ta faɗa hannun ƙaramar jam'iyyar NRM. Ga PDP, wadda ta riga ta rungumi ƙaddara, wannan tsuntsu ne daga sama gasasshe.

Shi kansa Gwamna Yari ya rasa kujerar majalisar dattawan da aka ce ya lashe. Sanata Marafa ma bai samu gwamnan da yake nema ba, ya kuma bar majalisa. An fasa, kowa ya rasa. Yunƙurin da ɓangaren Yari ya yi na neman kotun ƙolin ta sake duba hukuncinta ya ci tura a watan Maris na 2020.

Hujjar kotun tana da tushe a tsarin mulkin 1999. Sashe na 177 ya ce wajibi ne mai neman gwamna ya kasance ɗan wata jam'iyya, kuma ita ce ta tsayar da shi. Babu gurbin ɗan takara mai zaman kansa. Tunda jam'iyya ce kaɗai ƙofar shiga takara, doka ta shimfiɗa yadda za a bi ta wannan ƙofa, kuma wanda ya haura ta katanga ba a ɗauke shi ya shiga ba.

Masu goyon bayan hukuncin suna ganin cewa da kotun ta kau da kai, to da ta ba kowane gwamna lasisin rubuta sunayen mutanensa a ɗaki ya miƙa wa hukumar zaɓe, yana mai dogaro da cewa yawan ƙuri'u zai wanke laifin daga baya.

Masu suka kuwa suna nuni da cewa mutane fiye da rabin miliyan da suka tsaya a layi ba su da hannu a rikicin. Ba su ne suka hana a yi zaɓen fid da gwani ba, kuma hukumar zaɓe ce da kanta ta sa musu APC a kan takarda bisa umarnin kotu. A ganinsu, da an sake zaɓen ne ba tare da APC ba, da aƙalla jama'a sun san tsakanin su wa suke zaɓa, maimakon a miƙa mulki ga mutumin da ƙuri'unsa suka ɗan zarce kashi ɗaya cikin uku na abin da abokin karawarsa ya samu.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa. To amma dukkansu sun haɗu a kan abu ɗaya: wanda ya fi kowa asara shi ne mai jefa ƙuri'a, wanda ba a shawarce shi ba a lokacin fid da ɗan takara, ba a kuma shawarce shi ba a lokacin da aka soke zaɓinsa.

Hakan kuwa ya faru ne a lokacin da jihar ke cikin tsananin matsalar 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. A watan Afrilun 2019, ana tsakiyar waɗannan shari'o'i, gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar saboda taɓarɓarewar tsaro. Watannin da manyan 'yan siyasar jihar suka shafe suna zarya tsakanin kotunan Gusau da Sakkwato da Abuja, watanni ne da mazauna ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da Maru da Anka suke kwana da ido ɗaya.

Ba Zamfara kaɗai ba

Zamfara ce ta fi fice saboda yawan kujerun da suka salwanta a rana ɗaya, amma matsalar ta girme ta.

A jihar Ribas, Rotimi Amaechi ya lashe zaɓen fid da gwani na PDP a watan Disambar 2006, amma jam'iyyar ta musanya sunansa da na Celestine Omehia, wanda ya ci zaɓen 2007. A watan Oktoban wannan shekara kotun ƙoli ta ce musanyar ba ta bisa ƙa'ida, ta ayyana Amaechi a matsayin gwamna, alhali bai yi yaƙin neman zaɓe a matsayin ɗan takara ba. Wannan ne ya sa da aka zo rubuta dokar zaɓe ta 2010 aka saka sashen da ya hana kotu ayyana wanda bai shiga dukkan matakan zaɓe ba.

A jihar Kogi a 2015, ɗan takarar APC Yarima Abubakar Audu ya rasu yana kan gaba, kafin a kammala zaɓen. Jam'iyyar ta maye gurbinsa da Yahaya Bello, bisa hujjar cewa shi ne ya zo na biyu a zaɓen fid da gwani, ya kuma gaji ƙuri'un marigayin.

A 2019 ma, a jihar ta Ribas, rikici tsakanin ɓangaren Amaechi da na Sanata Magnus Abe ya kai ga kotuna sun hana APC shiga zaɓen gwamna da na majalisu baki ɗaya. Bambancinta da Zamfara shi ne an cire jam'iyyar tun kafin ranar zaɓe, don haka masu jefa ƙuri'a sun san matsayinsu.

Akwai kuma iyakar da kotun ƙolin ta shata. A jihar Filato, kotun ɗaukaka ƙara ta sauke Gwamna Caleb Mutfwang na PDP a watan Nuwamban 2023, bisa hujjar cewa jam'iyyarsa ba ta da halattattun shugabannin da za su tsayar da shi. A ranar 12 ga watan Janairun 2024 kotun ƙoli ta mayar masa da kujerarsa, tana mai cewa batun tsayar da ɗan takara lamari ne na kafin zaɓe, kuma ba hurumin jam'iyyar adawa ba ne ta kai ƙara a kansa. Sai dai 'yan majalisun PDP na jihar da aka sauke bisa wannan hujja ba su dawo ba, domin shari'arsu a kotun ɗaukaka ƙara take ƙarewa.

Wannan ya nuna cewa abokin hamayya na waje ba shi da ikon rusa jam'iyya ta wannan hanya. A Zamfara 'yan APC ne suka kai juna kotu. Sai da bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga.

Abin da ya biyo baya

Abubuwan da suka faru a jihar bayan 2019 sun ƙara nuna raunin mulkin da bai samu tushe daga akwatin zaɓe ba.

Gwamna Matawalle ya hau mulki yana sane da cewa akasarin masu jefa ƙuri'a ba shi suka zaɓa ba. A ranar 29 ga watan Yunin 2021 ya sauya sheƙa zuwa APC, tare da akasarin 'yan majalisun da suka samu kujerunsu ta hanyar hukuncin kotun. Ke nan kujerun da kotu ta ƙwace daga APC sun koma mata cikin shekaru biyu, amma a hannun wasu mutane dabam. Mataimakinsa, Barista Mahdi Aliyu Gusau, wanda ya ƙi bin sa, majalisar jiha ta tsige shi a watan Fabrairun 2022.

Shigowar gwamnan ta tilasta wa Yari da Marafa, waɗanda suka yi faɗan da ya kayar da jam'iyyar, tsayawa a gefe guda domin ƙalubalantar miƙa masa ragamarta. Daga bisani aka sasanta su ukun kafin zaɓen fid da gwani na 2022: Matawalle ya samu tikitin neman wa'adi na biyu, Yari da Marafa kuma suka samu na majalisar dattawa. A wannan karo babu wanda ya bar wata kafar da za a kai jam'iyyar kotu.

Abin mamaki shi ne PDP ce ta kusa faɗawa ramin da ta amfana da shi. Dauda Lawal, ɗaya daga cikin 'yan G8 na 2018, ya koma PDP ya lashe tikitinta a watan Mayun 2022. Babbar kotun tarayya da ke Gusau ta soke zaɓen a watan Satumba bayan ƙorafin abokan takararsa. Aka sake wani, ya sake lashewa, kotun ta sake sokewa a watan Nuwamba, har ma ta ce PDP ba za ta tsayar da ɗan takarar gwamna ba. Sai a watan Janairun 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar masa da takarar, kotun ƙoli kuma ta tabbatar a watan Maris, ana saura ƙasa da makonni biyu a yi zaɓe.

A zaɓen ranar 18 ga watan Maris na 2023, Dauda Lawal ya samu ƙuri'u 377,726, Matawalle kuma 311,976. Wannan ne karon farko da PDP ta ci kujerar gwamnan Zamfara a akwati, kuma ya zo ne makonni uku bayan da ɗan takarar shugaban ƙasa na APC, Bola Tinubu, ya lashe jihar. Ita ma wannan nasara sai da ta je kotun ƙoli, wadda ta tabbatar da ita a watan Janairun 2024.

A Zamfara ta tsakiya kuwa, Ikra Aliyu Bilbis, wanda ya ci kujerar majalisar dattawa a APC a 2019 amma ƙarar Marafa ta raba shi da ita, ya tsaya a PDP a 2023 ya kayar da Marafan.

Darasin da aka koya, da wanda aka bari

Ko shakka babu jam'iyyu sun ɗauki darasi daga Zamfara, amma abin tambaya shi ne wane iri.

Majalisar dokokin ƙasa ta yi ƙoƙarin tilasta wa jam'iyyu yin 'yar tinƙe, amma Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a kan ƙudurin a watan Disambar 2021, yana mai kafa hujja da tsadar shirin da matsalar tsaro da kuma 'yancin jam'iyyu. Dokar da ya sa wa hannu a watan Fabrairun 2022 ta amince da hanyoyi uku: 'yar tinƙe, da wakilai, da maslaha. Ta sharɗanta cewa ba za a ce an yi maslaha ba sai duk masu neman takarar sun amince a rubuce, ta kuma fayyace cewa jam'iyyar da ta saɓa ƙa'ida ba za a saka ɗan takararta a zaɓe ba. An kuma tsawaita lokacin miƙa sunayen 'yan takara zuwa kwanaki 180 kafin zaɓe, domin a samu sararin gama shari'o'i.

Waɗannan gyare-gyare sun toshe wasu daga cikin kafofin da suka jawo rikicin 2018. Amma abin da shugabannin jam'iyyu suka fi mayar da hankali a kai shi ne kyautata takardu: a sanar da INEC a kan lokaci, a tabbatar kwamiti ya fito daga uwar jam'iyya, a sa masu ƙorafi su janye a rubuce. Sasantawar da aka yi a APC ta Zamfara a 2022 ta cika sharuɗɗan doka, amma rabon kujeru ne tsakanin manya, kuma sakamakon zaɓen gwamna na 2023 ya nuna cewa jama'a ba su ɗauki kansu a cikin yarjejeniyar ba.

Kazalika tsadar shiga takara ta ƙaru. Kuɗin takardar neman takarar gwamna a APC ya tashi daga naira miliyan 22 da rabi a 2018 zuwa miliyan 50 a 2022, abin da ya ƙara taƙaita fagen ga masu hannu da shuni da waɗanda ke da iyayen gida.

Bisa ga dukkan alamu, muddin jam'iyyu ba su da sahihiyar rajistar 'ya'yansu da kowa zai iya dubawa, muddin kuma gwamna ne ke ɗaukar nauyin jam'iyya a jiharsa, to sauya hanyar zaɓe daga wakilai zuwa 'yar tinƙe ko maslaha ba zai sauya wanda ke yanke shawara ba.

Sau biyu a jere, a 2019 da 2023, makomar kujerar gwamnan Zamfara ta rataya a kan abin da alƙalai za su ce game da zaɓen fid da gwani. Abin jira a gani a duk lokacin da kakar zaɓe ta kewayo shi ne ko jam'iyyun za su bar 'ya'yansu su zaɓi 'yan takara da kansu, ko kuwa za su ci gaba da barin wannan aiki a hannun gwamnoni da lauyoyi.